Muhawara: Me ya sa babbar majami'ar Ribe take cikin kwari, hasumiyoyinta kuma suka sha bamban?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga masana gini da masana tarihi ce, a kan garin Ribe da ke kudu maso yammacin yankin Jutland a ƙasar Denmak. A hotunan tsakiyar garin, babbar majami'arsu tana ƙasa da titi, sai an gangara kafin a kai ƙofarta, kamar an ajiye ta cikin kwano. Nutsewa ta yi ne? Sannan hasumiyoyinta biyu na gaba ba su yi kama da juna ba ko kaɗan: ɗaya ƙatuwa ce ta jan bulo, kanta a shafe, ɗayar siririya ce ta dutse mai ruwan toka, tana da tsini. Wane magini ne zai tsara haka? Kuma da gaske ne babu garin da ya girme shi a ƙasar?

Injiniya Dauda:
Wa alaikumus salam, Baban Hanifa. Ginin bai nutse ba, garin ne ya tashi ya bar shi. An fara wannan majami'a a wajajen 1150, aka kammala ta a farkon rabin ƙarni na 13, daɓenta kuma yana nan inda aka shimfiɗa shi. Gidajen da ke kewaye da ita kuwa na katako da yumɓu ne. In gobara ta ci gida ko ya ruɓe, ba a kwashe ɓaraguzan, baje su ake yi a yi sabon gini a kai. Ga toka, ga kashin dabbobi, ga shara, ga yashin da ake zubawa da gangan don gida ya ɗan ɗaga daga ambaliya. Cikin shekaru ɗaruruwa ƙasa ta hau da kusan mita ɗaya da rabi.

Ginin da ya nutse yana da alamominsa. Ba ya sauka daidai wa daida, gefe ɗaya ne ke rigan ɗaya, sai ka ga tsaga ta bi bango a karkace daga kusurwar taga, baka ta buɗe a samanta, ginshiƙai sun karkata. Misalinsa yana cikin garin: majami'ar Sct. Catharinæ, wadda 'yan ɗariƙar Kirista ta Dominika suka kafa gidan ibadarta a 1228. Ita ƙasarta mai laushi ce, ta yi ta sauka har sai da aka yi mata babban gyara tsakanin 1918 da 1932, aka sake mata harsashi.

Illar zama cikin kwari ita ce ruwan sama. Duk abin da ya zuba a dandalin gindin bango yake nufa, don haka magudanan da ke kewaye da ginin sun fi kowace ƙawa muhimmanci.

Malama Rabi:
Bari in ɗauki batun hasumiya. Babu maginin da ya tsara su haka. Da farko tagwaye ne, dukansu na dutse. Da safiyar Kirsimeti ta 1283, mutane na cikin ibada, ta arewa ta rufto cikin majami'ar, aka yi asarar rayuka. Da aka zo maye gurbinta zamani ya canja: jan bulo ya wadata a Denmak, salon gini ma ya koma na Gotik, mai baka masu tsini. Aka kammala sabuwar a wajajen 1333.

Sunanta Borgertårnet, wato hasumiyar mutanen gari, domin aikin gari take yi. Daga samanta ake hangen gobara da abokan gaba da tasowar teku, a cikinta ƙararrawar gargaɗi take. A 1594 samanta ya sake zubowa, aka gyara ta gajarce da kusan mita 10, babu kuɗin ɗora tsini, shi ya sa kanta yake a shafe. Yanzu tsayinta mita 52 ne, matakalarta 248. Siririyar ta kudu, Mariatårnet, abin da ake gani yau sakamakon gyaran da H.C. Amberg ya jagoranta ne, wanda aka gama a 1904.

Ɗan Barno:
Injiniya, wani abu bai shige ni ba. Ƙasar fadama ce da yashi, babu tsauni ko ɗaya a kusa. Ina suka samo dutsen gina abu mai tsawon mita 63 da faɗin mita 36?

Injiniya Dauda:
Daga Jamus, ta ruwa. Dutsen ana ce masa tuf, tokar dutse mai aman wuta ce da ta daskare. A yankin Eifel ake sarar sa, kusa da Andernach, a loda a jirage a bi kogin Rhine zuwa Holan, a sake lodi a jiragen teku a biyo gaɓa zuwa Ribe. Abin da ya sa ya ci wannan wahala abu biyu ne: ba shi da nauyi, kuma yana yankuwa cikin sauƙi. Rashin nauyin ne ya ba su damar ɗora ƙubba a mahaɗar ginin. Inda ake buƙatar ɗaukar kaya, kamar gindin bango da ginshiƙai, sai suka sa dutsen giranit mai tauri. Majami'un ƙauyuka da yawa a wannan gaɓa ma da tuf aka gina su, alamar cewa fataucinsa ya yi ƙarfi sosai.

Amma yana da ciwo. Jikinsa duk ƙofofi ne, yana shan ruwa kamar soso. In sanyi ya kai ruwan ya ƙanƙare, girmansa na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, sai fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa. Ga iskar teku mai gishiri: gishirin yana shiga tare da danshi, in ya bushe ya zama ƙwayoyi, su ma su tsaga dutsen daga ciki. Babban kuskuren mai gyara shi ne ya cike tsakanin duwatsun da siminti. Siminti ya fi tuf ƙarfi, kuma ba ya barin danshi ya fita, sai ruwan ya bi ta jikin dutsen, dutsen ya mutu simintin na tsaye. Abin da ya dace shi ne kwaɓin ƙonannen dutsen farar ƙasa da yashi, wanda ya fi dutsen laushi, shi zai lalace a sake shi. Duk wanda ya ga yadda shafen siminti ke ɓallewa daga katangar ƙasa ya tafi da rabin jikinta ya san wannan ciwon.

Ƙari ɗaya: a ciki sahu biyar ne, ita kaɗai ce babbar majami'a mai haka a Denmak. Shi ma ba tsarin farko ba ne. Ƙananan ɗakunan ibada ne na jan bulo aka yi ta jinginawa a gefe biyu, daga baya aka fasa tsakaninsu suka zama sahu.

Malama Rabi:
Saura tambaya ta uku. E, Ribe ne mafi tsufa, amma asalinsa ba inda majami'ar take ba ne, a ɗaya gaɓar kogin ne, ta arewa. Masu haƙa sun daɗe suna nema a kewayen majami'ar ba su samu ba, sai a shekarun 1970 aka gano shi a tsallake. A wajajen 710 aka shata kasuwa a can, aka yanka filaye masu faɗin mita 6 zuwa 8 a jere bakin hanya guda, da ƙananan ramuka a matsayin iyaka. Wannan tsari ya nuna akwai mai iko da ya raba rumfunan.

Abin da aka tono: kuɗaɗen azurfa ƙanana da ake kira sceatta, fiye da 200, matajan kai na ƙahon barewa, har da ƙahon barewar ƙanƙara daga Norwe, fasassun mazubin yumɓu na maƙeran tagulla, daskararren ƙaron itace mai ruwan zuma da ake ado da shi, da duwatsun wuya na gilas. Masu yin duwatsun ba su iya haɗa gilas daga tushe ba, gutsattsarin gilas masu launi da aka ɓamɓaro daga adon tsofaffin gine-ginen Rumawa suke saya su narka. An kuma samu ɓallin ƙoƙon kan mutum da aka yi wa rubutun run, wato tsohon rubutun mutanen arewacin Turai, da sunan gunkinsu Odin a jiki, na wajajen 725.

Abu Sumayya:
Malama, ai har matafiyin nan na Andalus, Ibrahim ibn Yaƙub al-Ɗurɗushi, ya je Ribe ya ba da labarinsa ko? Ke nan Musulmi sun isa garin.

Malama Rabi:
A'a Malam, gyara kaɗan. Garin da ya siffanta a wajajen 965 shi ne Shileswig, wato Hedeby, wanda yau yake cikin Jamus. Abin da ya isa Ribe daga ƙasashen Musulmi kaya ne, kuma an san lokacin. A haƙan da Jami'ar Aarhus da gidan tarihin yankin suka yi a 2017 zuwa 2018, an bi daɓen gidaje ɗaya bayan ɗaya, ana wanke duk ƙasar da aka ɗebo ta cikin rariya, har aka tara abubuwa sama da 100,000. Duwatsun wuya na gilas daga Gabas ta Tsakiya, na zamanin Daular Abbasiyya, sun bayyana da yawa a wajajen 790. Daga nan sana'ar masu narka gilas na gida ta ja baya, domin na waje sun zo da yawa.

Yadda aka san shekarar ya cancanci bayani. A 775 rana ta yi wata babbar fesowa da ta ƙara sinadarin kabon-14 a iskar duniya farat ɗaya, kuma zoben itatuwa na wannan shekara sun riƙe alamar. Masu binciken suka auna abubuwa masu gajeren rai daga kowane daɓe, kamar ƙwayar hatsi da ƙananan rassa, suka gano daɓen da ya dace da 775, suka ƙirga sama da ƙasa daga nan. Katakon gini bai dace da wannan aiki ba, saboda itacen yana iya girmar gidan da shekara ɗari. An buga sakamakon a mujallar Nature a ƙarshen 2021. Ya nuna cewa hulɗa da Norwe ta riga zuwan kayan gabas da shekaru masu yawa.

Ɗan Barno:
To ni a nan nake da ja. Kasuwar da ake ci da rani a watse da sanyi ba gari ba ce. Kuma an ce bayan tsakiyar ƙarni na 9 alamun mutane sun yi ƙaranci ƙwarai a wurin. In gari ya mutu aka sake kafa wani a tsallaken kogi, ai shekarunsa daga na biyun za a ƙirga.

Malama Rabi:
Jan naka yana da tushe, masana ma sun yi shekaru a kansa. Amsar rabin farko ta fito daga haƙan 2017: an samu gidaje na sosai masu murhu, ana zaune a cikinsu ana sana'a, tun a shekarun 720. Ba rumfunan rani kaɗai ba ne.

Rabi na biyu kuma kaburbura ne suka cike giɓin. Tarihin rayuwar Ansgar, mai wa'azin Kirista, ya ce Sarki Horik na Biyu ya ba shi izinin gina majami'a a Ribe a wajajen 855 zuwa 860. An daɗe ana shakkar inda take. Tsakanin 2008 da 2012 aka haƙa kudu da babbar majami'ar, aka samu kaburbura sama da 80 na zamanin Vikings, mayaƙan tekun arewacin Turai, an shimfiɗa mamatan gabas da yamma irin binnewar Kirista, mafi tsufansu na ƙarni na 9. Wato ana binne Kiristoci a wurin kusan shekara ɗari kafin Sarki Harald Bluetooth ya sa a rubuta a dutsen Jelling cewa ya mayar da mutanen Denmak Kirista. A 948 kuma sunan bishop na Ribe, Leofdag, ya fito a taron limaman coci na Ingelheim a Jamus.

Awon ƙashin mutanen gaɓa yana da tarko. Wanda ya rayu yana cin kifin teku, ƙashinsa yana nuna ya fi ainihin shekarunsa tsufa, domin kabon na teku tsoho ne. Sai an auna yawan abincin teku a jikin ƙashin an rage, in ba haka ba a yi kuskuren shekaru masu yawa. A kan wurin haƙan kaburburan ne aka gina Kannikegården, wani sabon gini na majami'ar, aka buɗe a 2016, kangon wani ginin jan bulo na ƙarni na 12 yana ƙasansa ana kallo ta gilas.

Alhaji Mai Ruwa:
Kun yi ta maganar dutse da ƙashi, ku bar ni in kawo ruwa, don shi ne ya yi garin kuma shi ne ya sha cinye shi. Tsakanin Ribe da Tekun Wadden fadama ce shimfiɗaɗɗiya ta 'yan kilomitoci. Teku na cika ya janye sau biyu a yini. In guguwa ta taso daga yamma ta dace da lokacin cika, iska na tura ruwan cikin wannan lungu marar zurfi, ba shi da wurin zuwa sai kan ƙasa. Haka aka yi a Janairun 1362, haka aka yi a daren 11 ga Oktoba 1634, lokacin da ruwa ya haura mita 6 bisa matsayinsa na kullum. A cikin majami'ar akwai alama a ginshiƙin da ke bayan mumbari, ruwan ya wuce mita ɗaya da rabi daga daɓe. A bakin tsohuwar tashar jirage, Skibbroen, akwai gungumen katako mai zobban ƙarfe, kowane zobe da shekarar ambaliyarsa, na 1634 ne a can sama.

Kariya ta sosai ba ta zo ba sai da aka yi jingar teku daga 1911, da ƙofar ruwa ta Kammerslusen a 1912 a bakin kogin. Ƙyamarenta a karkace suke haɗuwa suna fuskantar teku: in teku ya fi kogi tsayi, nauyin ruwan da kansa ke matse su su rufe, in ya janye kogi ya tura su su buɗe. Akwai ɗaki tsakanin ƙyamare biyu don jirgi ya wuce. Bayan ambaliyar Janairun 1976 aka ƙara wa jingar tsayi zuwa kusan mita 7, ita ce ta tare guguwar 3 ga Disamba 1999.

Inda matsala take yanzu shi ne bayan ƙofa. In guguwa ta yi kwanaki ƙofar na rufe, ga ruwan sama na sauka, kogin ba shi da mafita, sai ya kumbura ya malale fadamar har gindin gari. Don haka barin fadamar babu gini wani ɓangare ne na kariyar. Ita jingar kanta, ciyawa ce rigarta. Tumaki ake sakewa su yi kiwo a kai don ciyawar ta yi gajarta ta yi kauri, ƙasa ta daddale. Ramin ɓera ko na dila a jikinta abin gaggawa ne. Kuma sau da yawa jinga ta baya take karyewa: ruwa ya tsallake, ya zaizaye gangaren ciki, sai ta zube.

Babban titin garin ma madatsa ce. A tsakiyar ƙarni na 13 aka datse kogin don injinan niƙa masu aiki da ruwa, ya rabu rassa. Sunayen titin, Overdammen, Mellemdammen da Nederdammen, ma'anarsu madatsar sama, ta tsakiya da ta ƙasa.

Baban Hanifa:
Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe. To da duk wannan, yaya aka yi tsofaffin gidajen suka kai yau?

Ɗan Barno:
Talauci ne ya tsare su. Gobarar 3 ga Satumba 1580 ta cinye gidaje 213, amma lokacin garin na da kuɗin fataucin shanu zuwa Holan da Jamus, aka sake ginawa. Yawancin gidajen katakon da ake ɗauka hoto na bayan wannan gobara ne. Sai ambaliyar 1634, sai yaƙe-yaƙe da Suwidin, sai annoba a 1659, kogi kuma ya cike da yashi manyan jirage suka daina shigowa. A 1864 Denmak ta rasa yankin Shileswig, iyaka ta zagayo 'yan kilomitoci kudu da Ribe ta yanke shi daga ƙauyukan da ke ciyar da kasuwarsa har 1920. A 1868 aka yi dokar gina tashar jirage a Esbjerg, ciniki ya koma can. Wanda ba shi da kuɗi ba ya rushe gida ya yi sabo.

Injiniya Dauda:
Rabin gaskiya ke nan, ɗan'uwa. Talauci yana hana rushewa, ba ya hana ruɓewa. Gidan firam ɗin katako in an bar shi shekara talatin babu kula ya tafi. Wurin da yake fara mutuwa shi ne gungumen ƙasa, wanda ginshiƙan suke tsaye a kai. Dole ya zauna bisa jeren duwatsu, sama da inda ruwan sama ke fallatsa. In titi ya hau ya rufe duwatsun, ko aka shafa wa katakon fentin roba, danshi ya shiga ya rasa hanyar fita, sai ya ruɓe daga ciki fentin na ƙyalli a waje. Gyaransa: a tokare gidan, a yanke ruɓaɓɓen kaɗai, a dasa sabon itacen oak mai tauri da ƙusar katako, a cike tsakani da kwaɓi mai laushi, a shafa fentin man lilin ko farar ƙasa. Wannan aiki ne na kullum, kuma akwai dokar kiyaye tsohon gari da ta hana mai gida canja taga ko rufi yadda ya ga dama. Gine-gine fiye da ɗari a garin suna ƙarƙashin kariyar hukuma. Da talauci kaɗai ne, da kango za a tarar.

Maman Khalil:
Ga mai niyyar zuwa, ga abin da zai amfane shi. Jirgin ƙasa daga Kopenhagen ana sauka a Bramming ko Esbjerg a canja zuwa layin Tønder. Garin ƙarami ne, mutanensa wajen 8,000, da ƙafa ake gama shi.

Kada a rikita wurare biyu. Gidan tarihi na Museet Ribes Vikinger yana daf da tasha, nan ainihin kayan da aka tono suke. Ribe VikingeCenter kuma yana kudu da gari kamar kilomita 3, sake gina kasuwar da gidajen aka yi, kuma ba a duk watannin shekara yake buɗe ba.

A majami'ar a nemi ƙofar kudu mai kan zaki na tagulla, wadda suke kira ƙofar kan kyanwa. A ciki akwai kabarin Sarki Kristoffer na Ɗaya da ya rasu a garin a 1259, da zanen zamani mai launuka da Carl-Henning Pedersen ya yi a wajen bagadi tsakanin 1982 da 1987, wanda ya jawo gardama sosai a lokacin. A waje akwai mutum-mutumin Hans Tausen, jagoran sauyin addini zuwa ɗariƙar Furotesta da ya zama bishop a nan. Riberhus, fadar sarki ta da, saura tudu da ganuwar ruwa da mutum-mutumin Sarauniya Dagmar. A titin Sønderportsgade akwai allon tunawa da Maren Spliid, matar tela da aka ƙona a 1641 bisa zargin maita, gidan tarihi na HEX kuma yana bayanin yadda irin waɗannan shari'o'i suka gudana. Da yamma a watannin zafi mai gadin dare yana fitowa daga dandalin da fitila da sandarsa yana waƙa, kowa na iya bin sa kyauta.

Abu Sumayya:
Hajiya, wannan babbar sheƙa da ke kan rufin tsohon zauren majalisar gari fa?

Maman Khalil:
Ta farar shamuwar Turai ce. Ginin na 1496 ne, sheƙar kuma ta zama tambarin garin, sai dai tsuntsun ya yi ƙaranci a Denmak saboda an busar da fadamun da yake kiwo, ba kowace shekara ake samun mai zama a ciki ba. Masu bin hanyar gabas daga wannan yanki suna ratsa Turkiyya da Masar su sauka Sudan da Chadi, wasu su zarce kudu.

Alhaji Mai Ruwa:
Gargaɗi ɗaya ga wanda zai ƙarasa tsibirin Mandø daga ƙauyen Vester Vedsted. Hanyar tsakuwa ce a kan ƙasan teku, kusan kilomita 6, ruwa na rufe ta idan teku ya cika. A duba jadawalin cika da janyewa na ranar, a kuma duba iska, domin iskar yamma mai ƙarfi tana hana ruwan janyewa ko da jadawali ya ce hanya a buɗe take. Ruwan ba daga gaba kaɗai yake zuwa ba, ta ƙoramu yake zagayowa ya rufe bayan mota tun direba bai ankara ba. Wanda bai san wurin ba ya ajiye motarsa a Vadehavscentret, cibiyar baƙi ta Tekun Wadden, ya hau motar tarakta mai manyan tayoyi da ke jigilar mutane, ita lokacin tashinta da ruwan ake tsara shi.